Abin da Karafan Ya Iya Ɗauka

Da sunan Allah zan fara, tunda Abbanku ko murfin kwalba zai buɗe sai ya ambace shi. Wannan babin na rubuta shi ne saboda wata magana da ta fito daga bakin Yayanku ranar da muka taru a Zariya bayan addu'ar arba'in. Ba da ni yake ba, da Nafisa yake, amma kunnena bai mutu ba tukuna. Cewa ya yi, "Ai Umma ce ta raba Abba da littattafansa." Ban tanka ba, domin gida cike yake da baƙi, kuma ba ni da ƙarfin jayayya a lokacin. Amma maganar ta yi mini ciwo, har yau tana yi. To ga yadda aka yi, ku karanta, in ya so ku yanke naku hukuncin.

Kun san zaman da muka yi a Alƙahira ya fi wanda muka yi a gida tsawo. Karatu ya kawo Malam, karatun ya ƙi ƙarewa, har ya zama tafinta ga marasa lafiyar da ke zuwa asibiti daga Najeriya da Nijar. Shi yana raka maza, ni ina raka mata, kuma ta nan na koyi tuƙi, domin ba kowace baiwar Allah ce za ta yarda ta shiga motar baƙon namiji da ciwo a jikinta ba. Na tuƙa tsohuwar jif ɗinmu a cikin Wustul Balad, tsakiyar birnin, da tsakar rana, inda direba ke zagin ka yana yi maka murmushi, ban taɓa ko goge wa wani fenti ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce tsoron mata ne ya kama ni daga baya. Gidanmu kuwa kun san shi, hawa na biyar a Hadayek el-Maadi, babu lif, kuma rabin gidan ba namu ba ne, na littattafai ne. Tafsiri, fiƙihu, hadisi, nahawu, masu baƙin bango da masu koren bango, kowanne da rubutun hannunsa a gefe. Tun ina amarya ya koya mini dokarsu: ba a ajiye su a ƙasa, ba a ɗora musu komai, ba a miƙe musu ƙafa. Ke Nafisa kin sha rankwashi a kan wannan, ba sai na tuna miki ba.

Shekarar da nake ba ku labari, kun riga kun watse, kowa yana gidansa. Tarin da Malam ya daɗe yana cewa na ƙura ne ya zama wani abu dabam. Hawa benen nan da yake yi yana karanta aya ya koma sai ya zauna a kowane hawa yana haki, ni ina tsaye a kansa ina riƙe da jaka, ina kallon leɓensa yana sauya launi. Likita ya ce huhun ya ƙanƙance, ba zai koma yadda yake ba, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Ya haɗa shi da injin oksijin da silinda. Ya kuma ce kada kaka ta same shi a Alƙahira, lokacin da manoma ke ƙona karan shinkafa hayaƙi ya lulluɓe gari. Kun yi ta kira kuna cewa mu dawo gida, kuma ban ga laifinku ba, amma likitan ya hana shi hawa jirgi, sannan duk wata sai an gan shi a asibiti kwana biyu ko uku a jere. Ke nan ba mu isa mu yi nisa ba, ba mu kuma isa mu zauna ba.

Maƙwabcinmu na hawa na biyu, Ammu Sabri, shi ya kawo shawarar karafan. Karafan ɗaki ne a kan taya, ana ɗaura shi a bayan mota a ja, da gado a ciki, da wurin girki, da ɗan banɗaki wanda in mutum ya yi ƙiba sai ya shiga da gefe. Ammu Sabri ya yi ta kai iyalinsa bakin teku da nasa, da matarsa ta rasu sai ya ajiye shi a wani fili ya daina ko kallonsa. Yana kuma da ɗan wuri a gaba da Ain Sukhna, a bakin Bahar Maliya, inda iska busasshiya ce. Ya ce mu zauna can, duk wata mu jawo ɗakinmu mu ajiye a filin nan kusa da asibiti, mu gama mu koma. Babu bene, kuma injin Malam da maganinsa da gadonsa kullum suna tare da shi. Malam ya saya. Mai jan kuwa ba sai an tambaya ba, mutumin da ke da roba a hanci ba zai riƙe sitiyari ba.

Ranar da muka je karɓa, Ammu Sabri ya shimfiɗa kayan a ƙasa ya ce sai na taɓa kowanne da hannuna. Ya nuna mini dunƙulen ƙarfen da aka ɗaura a bayan jif, da yadda bakin karafan ke hawa kansa har a ji ya ce ƙas, sannan a sa masa fil. Ya sa na gitta sarƙoƙi biyu a ƙarƙashi, ya ce in haɗin ya kuɓuce su za su tallafe shi. Na haɗa wayar fitila na zagaya baya na ga ja ta kama. Ya ɗaura wa jif wasu dogayen madubai da suka fito kamar kunnen jaki, ya ce in babu su ni makauniya ce. Ga weji huɗu na tare taya, ga jak, ga safaya, ga gejin auna iska wanda ya ce in ajiye shi a jakata tare da carbi. Ga tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa, ga tiyon ruwan sha dabam da na wanke banɗaki, ya yi musu alama da zare don kada a haɗa. Ni kuma na ƙara nawa, batir biyu manya da ɗan janareto, saboda in wuta ta ɗauke injin Malam ya tsaya, shi ma ya tsaya. Da ya gama sai ya buga tafin hannunsa a ƙasan karafan ɗin, daidai saman tayoyi.

"Ya Hajja, duk waɗannan ana saye a kasuwa. Wannan da zan faɗa ba a sayarwa. Abu mai nauyi a ƙasa yake zama, a nan, ko ɗan gaba kaɗan. Sama sai filo da tufafi. In kika loda sama da baya, zai yi miki rawa a kan titi."

"Na ji," na ce.

"Tamam, ya Shaikh?"

"Tamam," in ji Malam.

Ya ji sarai, babu abin da ya wuce shi. Amma na ga inda idonsa yake. Can ƙarshen karafan, a saman gado, akwai durowoyi a jere har rufi, sun zagaye bango uku. Gabana ya faɗi tun a wurin.

Da aka fara loda kaya, ɗalibansa suka yi ta sauko da katan-katan daga bene, shi yana zaune a bakin gado da robar a hanci yana nuna inda kowane littafi zai shiga. Bai ɗauki duka ba, ya zaɓi waɗanda ya ce ba zai iya kwana babu su ba, sai dai waɗannan ɗin ma sun cika durowoyin nan taf, har da ƙyar murfin ke rufuwa. Na ce masa Malam, ka tuna abin da mutumin nan ya faɗa. Ya ce takarda ce fa, Hajiya, ba dutse ba. Ni da na share shekaru ina sauke su ina kakkaɓe ƙura na san nauyin takarda. Amma kada ku ɗauka ni ma waliyyiya ce. Turmin da Inna ta ba ni, wanda na shigo da shi Masar ma'aikatan filin jirgi suna dariya, na tura shi ƙarƙashin gado da taɓaryarsa, na bi shi da buhun garin dawa da manyan tukwane. Bahaushiya ba ta tafiya hannu rabbana. Bayan jif kuma silinda da janareto da jarkokin ruwa sun cinye shi, kujerar baya nan Malam zai kishingiɗa.

Muka fita gwaji wata safiya, ni da shi, a kan hanyar Sukhna. Cikin gari ban ji komai ba sai nauyi, ina tafiya kamar mai rakiyar amarya, ana ta yi mini hon ina cewa ma'alish, a yi haƙuri. Da muka hau babban titi na ɗan taka totur, sai na ji bayan motar ya yi sakayau, sitiyari yana wasa a hannuna. Ina cikin tunanin ko in tsaya, wata tirela ta zo ta wuce mu ta hagu. Iskarta ta bugi karafan ɗin, ya karkata dama, ya dawo hagu, ya sake komawa dama fiye da na farko. A dogon madubin nan na ga ɗakinmu gaba ɗaya, har tagarsa, yana leƙo ni ta gefe, abin da bai kamata in gani ba. Jif ta fara bin sa. Na ji silinda suna karo da juna a baya, na ji Malam yana salati, muryar tana yankewa. Ƙafata ta tafi kan birki da kanta, sai na tuna Ammu Sabri ya ce kada in kuskura, in ɗage ƙafa daga totur kawai in riƙe sitiyari a miƙe. Na riƙe. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Rawar ta ragu kaɗan-kaɗan har na samu na gangara gefen titi na tsaya.

Hannuna ya ƙi sakin sitiyarin, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na juya na ga robar ta fita daga hancin Malam, na mayar masa, na jira har launin leɓensa ya dawo. Da na buɗe ƙofar karafan, murfin durowa biyu sun ɓalle, littattafai sun zubo a kan gado, guda uku suna ƙasa a buɗe. Ban bari ya gani ba. Na tsince su na goge da mayafina na sumbata na ɗora a kan filo. Muka koma gida a gefen titi da tafiyar da ko mai keke zai wuce mu.

Washegari na fara da kaina. Na fitar da turmi da taɓarya na sa a jif na kai wa Hajja Asha a unguwar Ard al-Liwa. Kun san ta, Bahaushiyar Sudan ɗin nan mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ta yi mini wankan jegon Nafisa. Ta shafa bakin turmin ta kalle ni.

"Yaya, lafiya? Mace da ranta ba ta kyautar da turmin uwarta."

"Aro na ba ki. Ki riƙa shafa masa mai kada ya tsage."

Na bar mata garin dawar da tukwane biyu, na fito da sauri don kada ta ga fuskata. A cikinku babu wanda ya taɓa tambaya ta ina turmin Inna ya shiga, littattafai kawai kuka sani.

Na sake gwadawa ni kaɗai. Ya ragu, amma da na ɗan ƙara gudu sai na ji wutsiyar nan tana motsi, tana jiran wata tirelar. Na dawo na sami Malam na ce mu sauko da littattafan tsakiya, saman tayoyi, a yi musu akwati mai kyau da murfi. Ya ce mu je ya gani. Ya tsaya a tsakiyar karafan yana dafe da bango, ya dubi wurin. Dama da shi ƙofar banɗaki ce. In kuma ya kwanta a gado, ƙafafunsa can za su miƙe, babu wata hanyar kwanciya. Na ce to ƙarƙashin gado, inda turmi ya tashi. Ya ce ya kwanta a kan tafsiri ke nan. Na ce to lokacin tafiya kawai, in mun isa in mayar da su sama. Ya ce duk wata, zuwa da dawowa, wa zai ɗaga, ke da bayan nan naki? Daga nan na fusata.

"Malam, kai ka koya wa mutane cewa lalura tana halatta abin da aka hana. Da kunnena na ji ka, ba sau ɗaya ba."

"Haka ne. Hukuncin na san shi, kuma in wani ya tambaye ni zan ce masa ya sauko da su, babu laifi."

"To?"

"Zuciyata ce ba ta karanta wannan babin ba, Hajiya. Tun ina yaro ban taɓa ganin su a ƙasa da ni ba."

Bai faɗa da gardama ba, a hankali ya faɗa, yana tsayawa yana jan numfashi. Da faɗa ya yi da na ji daɗi, don na iya faɗa. Na dube shi, mutumin da aka raba da aikinsa, aka raba shi da masallacin unguwa, aka raba shi da gidan da ya tsufa a ciki, yanzu ga ni tsaye ina neman raba shi da abu na ƙarshe. Ajiye su a wani wuri ma ya ƙi, ya ce littafin da ke cikin katan a ɗakin wani gawa ce ba a binne ba. Ga shi mun riga mun gaya wa mai gida za mu tashi. Ga sama ta fara yin toka-toka da yamma, ƙaurin hayaƙin nan yana shigowa ta taga ko an rufe. Kowace safiya sai na ƙara masa ƙarfin injin. Na ga in muka tsaya jayayya hayaƙi zai yanke mana hukunci. Sai na ce masa shi ke nan, khalas, a bar su inda suke, zan ja shi a haka, a hankali. Ya ce Allah ya yi miki albarka. Na sa aka ƙara wa durowoyin sakata.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin da ba ku sani ba. Na amsa da baki, amma ban yarda za mu isa ba. Ko mun isa wannan karon, akwai wata mai zuwa, da na bayansa, kuma tirela ba ta ƙarewa a hanyar Sukhna. Abinci ya daina shiga mini. In na rufe ido sai in ga tagar nan a madubi. Na auna iskar taya har gejin ya fara gajiya da ni, na duba sarƙa, na duba fil, alhali na san ba a nan matsalar take ba. Sai na yi abin da aka koya mana a gida in mutum zai yi tafiyar da bai tabbata zai dawo ba. Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya na ce a yafe ni. Na koma wurin Hajja Asha na ce turmin ba aro ba ne, na bar mata. Na kira ku. Kun tuna ranar Larabar da na kira kowannenku na ce in na taɓa yi masa wani abu ya yafe mini? Yayanku ya yi dariya ya ce Umma ko Hajji za ki sake ne ba mu sani ba. Ke Nafisa kika ce Umma me ya faru, na ce tsufa ne. To ba tsufa ba ne.

Saura mutum ɗaya. Bayan la'asar na kai masa shayi, na durƙusa a gefen kujerarsa, abin da na daɗe ban yi ba saboda gwiwa.

"Malam, zaman nan da muka yi, duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Ya ajiye kofin. Ya dube ni.

"Wa da wa kika roƙa kafin ni?"

"Kowa."

"Har yara?"

"Har su."

"Na yafe miki duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini. Tashi, gwiwarki."

Na tashi. Wallahi ban yi don in karya masa zuciya ba, ban ma yi tunanin zai gane ba. Na manta da wanda nake aure.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga ɗalibai sun cika filin da karafan yake, na Kano, na Sakkwato, na Damagaram, har da waɗanda suka daɗe da daina zuwa. Ashe ya aika musu. Ya sa aka fito masa da kujera bakin ƙofa, ya ce in buɗe sakatun da na sa. Na tsaya ina kallonsa. Ya ce yalla, Hajiya, rana tana yi. Na riƙa sauko da su ina miƙa masa, shi kuma yana buɗe kowanne ya ɗan duba, ya rufe, ya kira suna. Ya san wanda nahawu ke ba wuya, ya san wanda ke son hadisi, ya san wanda ba shi da ko littafi ɗaya nasa na kansa. Duk wanda ya karɓa sai ya ce masa a sama ake ajiyewa, kuma a karanta, kada a yi ado da shi. Wani babba a cikinsu ya ce Malam mu riƙe maka amana dai, in ka warke mu dawo da su. Ya ce a'a, kyauta ce, wanda ya ba da aro kullum idonsa yana kan ƙofa. Da aka zo kan babban tafsirin nan mai koren bango, wanda ya saya shekarar da aka haifi Yayanku, hannunsa ya tsaya a kai. Na sunkuya na ce masa a kunne wannan kam a bar shi, zan iya da shi. Ya girgiza kai ya kira suna. Ni na shige banɗakin nan mai ƙunci na rufe ƙofa na yi kukana.

Alƙur'ani ɗaya ya rage, ƙarami, wanda yake tafiya da shi. Durowoyin sama na zuba musu filo da barguna da hulunansa. Batir da jarkokin ruwa suka koma tsakiya, saman tayoyi, aka ɗaure su. Da safe Ammu Sabri ya zo ya zagaya, ya ja sarƙa, ya leƙa ciki, ya ga durowoyin, ya kalli Malam, sai ya kama hannunsa da hannu biyu. Na cire weji, na yi bisimilla, muka tashi.

Tsoron bai bar ni ba don an sauke littattafai. Duk hanyar idona rabi yana gaba rabi yana madubi, bayana ya jiƙe sharkaf. Da muka wuce inda abin ya faru, sai ga tirela ta taso ta hagu, doguwa, mai ɗaukar siminti. Na ɗage ƙafa, na ƙanƙame sitiyari, na fara kalmar shahada a zuci. Iskarta ta buge mu. Karafan ya ɗan jingina, ya dawo, ya bi bayana tiryan-tiryan. Na jira rawar, ba ta zo ba. Ta madubin ciki na ga Malam a kishingiɗe, Alƙur'anin a kan ƙirjinsa ya dafe da hannu biyu, idonsa a rufe.

"Hajiya," ya ce, "in da hali ki ɗan ƙara wuta. A haka sai hayaƙin ya riga mu isa."

Da ya kira ku daga bakin teku yana cewa Ummanku ta ce karafan ba ya ɗaukar malami da littattafansa, sai dai a zaɓi ɗaya, wasa yake yi, ina zaune kusa da shi ina hararar sa. Ku kuka ɗauke ta da gaske. Ni ban ce ya zaɓa ba. Na riga na zaɓa masa littattafan, shi ya mayar da zaɓin.

Kada kuma ku ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Numfashinsa ya daidaita a can, har yakan taka zuwa bakin ruwa da sanda, kuma wasu Juma'o'in ɗaliban sukan cika mota su zo da littattafan su karanta masa yana gyara musu da ka. Amma hannu ba ya mantuwa. Safiyar farko, bayan ya idar da salla, na ga ya miƙa hannu sama ya buɗe durowar da ke kan gado, ya tarar da filo. Ya tsaya yana kallon filon, sannan ya rufe a hankali. Washegari ma haka. Da abin ya ishe ni sai na tambaye shi.

"Malam, ka yi nadama ko?"

"Kowace safiya," ya ce. "Kawo shayin."

Na kawo masa. Hunturu biyu muka yi a haka, ina jan ɗakin nan zuwa Alƙahira ina dawo da shi, ko sau ɗaya bai sake yi mini rawa ba. Kullum da safe yana buɗe durowar, kullum ina nan ina kawo shayin.